Me za mu kira "name server" da Hausa?

1/ Malamai masu koyar da kwamfuta da Hausa, ku zo mu yanke wata magana. A ajinmu a nan Gombe mun kai darasin binciken DNS, tsarin da ke juya sunan shafin intanet zuwa adireshinsa na lambobi, ta taminal, wato baƙin allon nan da ake buga umarni, sai kalmar "name server" ta tsaya mana a wuya.

2/ "Sabar suna" ce ta fi yawo a bakin mutane. Ba kuskure ba ce, amma ɗalibi zai haddace ta bai san aikin abin ba. "Uwar garken suna" kuwa, wadda fassarar inji ke zubo mana, ban ga wanda ya fahimce ta ba tare da an sake yi masa bayani ba.

3/ Inda gizo ke saƙar shi ne, kalmar ta haɗa abu biyu masu aiki daban. Ka buga wannan a Windows:

nslookup -type=ns wikipedia.org

A sama za ka ga sabar da ta amsa maka, ko ta kamfanin layinka ko 8.8.8.8 ta Google idan ita ka saita. Ƙasa kaɗan an rubuta "Non-authoritative answer", sannan ns0.wikimedia.org da 'yan'uwanta biyu, ns1 da ns2. Ta saman nan ba ta da iko da sunan, tambayo maka ta yi. Na ƙasan su ne masu maganar ƙarshe. Idan muka kira dukansu sabar suna, yaro zai rasa wa zai tuhuma ranar da shafi ya ƙi buɗewa.

4/ Shawarata: ta saman mu kira ta ɗan aike, na ƙasan kuma mai unguwa.

Baƙo ya sauka Gombe yana neman wani gida a Jekadafari ko Bolari. Fada ba ta riƙe da sunan kowane magidanci, amma ta san hakimin, hakimi kuma ya san mai unguwar, shi ne zai ce ga ƙofar gidan. Haka Paul Mockapetris ya tsara DNS tun 1983: na sama ba ya ba ka adireshi, nuna maka na ƙasa yake yi. Wanda ke da Linux ya gwada umarnin dig +trace a kan kowane suna mai ƙarewa da .ng ya gani da idonsa. Tushe, wato matakin da ke saman kowa a DNS, zai fara fitowa, sunaye 13 daga a zuwa m, su miƙa ka ga masu riƙe da .ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, su kuma su miƙa ka ga mai unguwar sunan. Ɗan aike shi ke wannan zirga-zirgar a madadinka. Abin da ya ƙara kwantar min da hankali, yankin da sabar ke iko da shi, "zone", ya zama unguwa ke nan ba tare da an wahala ba, shaidar NS kuma, wadda ke faɗin sabar da ke riƙe da yankin, takardar naɗi.

5/ Wani malami ɗan'uwa daga Bauchi ya ce min, "Malam, ai unguwa mai ita ɗaya ne, amma nan ga uku." Gaskiyarsa. Sai dai a yadda aka saba, guda ke riƙe da littafin asali, sauran suna kwafa daga wurinsa, kuma amsar kowannensu daidai take da tasa. Mai unguwa da wakilansa ke nan.

Ɗalibaina wasu sun fi son Jauro, sunan sarautar a Fulatanci. Ina jin daɗin kalmar, amma mutumin Sakkwato ko Damagaram zai fi saurin gane mai unguwa.

6/ A ajina na tsaya a nan: mai unguwa, ɗan aike, unguwa. Abin da ake bugawa a allo, umarni irin su dig da host, da kuma NS, yana nan yadda yake.

Saura TTL, lambar daƙiƙun da ɗan aike ke riƙe amsa kafin ya sake tambaya, kamar 3600 na awa ɗaya ko 86400 na kwana guda. Ni "wa'adi" nake cewa. Wanda ke da wadda ta fi ta, ya kawo kafin mu shiga darasin MX, shaidar da ke nuna sabar da ke karɓar imel.