Neman kalma: rubutun Iberiyawa a jikin tukwane

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe biyar zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan tukwanen da aka tono a Sant Miquel de Llíria, kusa da Balansiya a Sifen, masu ɗauke da rubutun Iberiyawa, tsoffin mazauna yankin, na ƙarni na 3 zuwa na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Me zan kira kalmar Turanci inscription, wato irin wannan rubutu na jikin abu?

Ɗan Birni: Rubutun tsingaro. Shi ke nan.

Malam Babba: Naƙashi.

Auta: Tsingarubutu! Kalma ɗaya tilo, ga daɗin faɗi.

Malama: Tsingaro bai zauna ba. Mutanen Atina ta tsohuwar Girka ne ke ɗaukar fasasshen kasko su karta sunan wanda suke so a kora daga gari, wannan shi ne rubutun tsingaro. Na Llíria kuwa da burushi aka yi shi tun kafin a gasa tukunyar, a tsakanin hotunan mahaya da masu rawa. Fashewa daga baya ta zo.

Ɗan Birni: Naƙashi kuma Larabci ne, Allah gafarta Malam. Hausa ta ƙare ne?

Malam Babba: Yaro, littafi da alƙalami daga gonar kakanka aka tono su?

Auta: Shi ya sa na ce tsingarubutu. Turawa ma haka suke ƙera nasu, mu ne muka raina kanmu.

Ɗan Birni: Ku 'yan jami'a kun fi kowa ɓata harshe. Ni ban ma yarda rubutu ba ne, tunda ba mai gane shi. A ce zane.

Malama: Ana karanta shi sarai. Tun 1922 wani masani ɗan Sifen, Manuel Gómez-Moreno, ya gano sautukan alamomin: wasula da irin su l, n, r, s kowanne da harafinsa, amma ba, be, bi, bo, bu kowace gaɓa alama guda ce. Harshen ne ya gagara. Ko kalmar ekiar da ke yawan fitowa a tukwanen, zato ake tana nufin "ya yi". Idan ka karanta Tubanci a ajami ba ka gane ba, ya tashi daga rubutu?

Mai Fassara: Don Allah saura rabin awa.

Malama: Sa "rubutun jikin tukwane". Inda aka karta da tsinke bayan gashi, ka ce "kartaccen rubutu".

Malam Babba: Ya yi tsawo, amma a bar shi ya wuce.

Ɗan Birni: Na yau kaɗai.

Auta: Yaya, ko sau ɗaya ka jefa tsingarubutu mu ji yadda zai fita a iska.

Mai Fassara: Na riga na tura, Auta.