Oilers a farkon kakar 2023-24: korar koci ce ta cece su?

Bashir: Ina nan a kan bakana, korar koci Jay Woodcroft ce ta ceci Edmonton Oilers, ƙungiyar hokin ƙanƙara a gasar NHL ta Amurka da Kanada, a kakar 2023-24. Vancouver ta buɗe musu kaka da ci 8-1. A wasa 12 na farko nasara biyu kacal suka samu, har San Jose, wadda ke can ƙasan teburi, ta doke su 3-2. Ranar 12 ga Nuwamba aka sallame shi aka kawo Kris Knoblauch. A hannunsa suka ci wasa 46 cikin 69, suka gama da maki 104, suka kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakarun NHL. 'Yan wasan kusan su ne dai na da, masu horarwa da ke bayan benci aka sauya.

Malam Idi: Bashir, ka tsallake raga. A hokin ƙanƙara, kafin ka tuhumi koci sai ka fara duba golansa. Jack Campbell, mai kwantiragin dala miliyan 25 na shekara biyar, ya tsaya wasa biyar yana tare kashi 87.3 cikin ɗari na bugun da aka yi masa. Golan da ya iya aikinsa a NHL yakan tare kashi 90 ko sama da haka. Tazarar kamar ba yawa, amma yi lissafi: in ana buga maka sau 30 a wasa, bambancin kashi uku ya kusa zama ƙwallo ɗaya cur a kowane dare. A gasar da wasanni da yawa ke ƙarewa da tazarar ƙwallo ɗaya, wannan ya isa ya mayar da ƙungiya mai ƙarfi abin tausayi. Kuma kafin a kori Woodcroft an riga an sauke Campbell zuwa ƙaramar gasa. Ɗaya golan, Stuart Skinner, shi ma bai fara da kyau ba, daga baya ya dawo hayyacinsa, ya gama kakar da nasara 36 da kashi 90.5.

Bashir: To Malam, me ya gyara Skinner ɗin? Da kansa ya farka?

Hadiza: A nan ina bayan Yaya Bashir, amma rabi. Ba kowane bugu ne daidai da wani ba. Wanda aka harbo daga gefe, gola yana kallonsa, aikinsa ne ya tare. Wanda ya zo bayan 'yan gaba biyu sun taso wa ɗan baya ɗaya, aka tsallakar da fak, wato faifan robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo, daga wannan gefe zuwa wancan, gola sai ya zame a kan ƙanƙara ya rufe raga mai faɗin ƙafa shida cikin ƙiftawar ido. Irin wannan ne ya yi wa Oilers yawa a Oktoba. Ɗan baya ya shiga gaba don ya hana fak fita daga yankin abokan hamayya, ɗan gaban da ya kamata ya koma ya tsare masa wuri bai koma ba, fak ya kuɓuce a layin shuɗi da ke iyakar yankin, shi ke nan an buɗe baya. Ga shi Woodcroft ya sauya tsarin tsaro a farkon kakar, daga kowa ya bi mutuminsa zuwa kowa ya tsare yankinsa. Sabon tsari yana sa ɗan wasa ya tsaya tunani, kuma daƙiƙa ɗaya ta tunani a gaban raga ta isa. Saboda haka alƙaluman gola ba nasa ba ne shi kaɗai.

Malam Idi: Na yarda da wannan, Hadiza. Sai dai ki haɗa da lafiya. Mattias Ekholm bai yi atisayen share fage ba saboda rauni, kuma shi ne ginshiƙin da Evan Bouchard ke jingina da shi in ya tafi kai hari. Connor McDavid ya ji ciwo a wasansu da Winnipeg, ya rasa wasa biyu, ya dawo a wasan fili da Calgary ba tare da saurin da aka san shi da shi ba. Mutumin da ya tara maki 153 (ci da taimakon ci a haɗe) a kakar baya, a makonnin nan bai kai maki ɗaya a kowane wasa ba. Da ya warke ya gama da 132, taimakon ci 100 a ciki, Zach Hyman kuma ya zura 54. Wane koci ne ba zai yi kyau ba da wannan?

Usman: Akwai abin da ke raunana hujjar Bashir. Knoblauch bai zo da sihiri ba. Bayan nasara biyu na farko, sun sha kashi uku a jere a hannun Tampa Bay da Florida da Carolina, sakamakonsu ya koma nasara 5, faɗuwa 12, da faɗuwa ɗaya a ƙarin lokaci. Shi ma Woodcroft wasansa na ƙarshe nasara ce a Seattle, 4-1.

Bashir: Daga nan kuma fa? Nasara takwas a jere, sannan 16 a jere daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, saura ɗaya su kamo tarihin Pittsburgh na 1992-93. Kuma ba Knoblauch kaɗai ya zo ba. An kori Dave Manson mai kula da 'yan baya, aka ɗora Paul Coffey. Abin da ya nema a wurinsu a fili yake: ka riƙe fak, ka ɗaga kai, ka miƙa wa ɗan'uwanka, kada ka jefar da shi jikin gilashin da ya kewaye fili don tsoro. In fak ya fita da kyau daga baya, McDavid da Leon Draisaitl suna karɓarsa da gudu, ba a tsaye ba. An kuma danƙa wa mataimakin koci Mark Stuart tsaron lokacin da aka fitar musu da mutum na minti biyu, suna huɗu a gaban biyar. Wannan ɓangaren ne ya riƙe su a wasannin neman kofi. Ba warkewar McDavid ce ta gyara shi ba.

Hadiza: Wannan na ƙarshen na ba ka shi, Yaya, don aikin tsaron huɗu da biyar tsari ne: wa zai matsa wa mai fak, wa zai toshe hanyar tsakiya, wa zai kwanta a gaban bugu. Amma in ka ce korar ce kaɗai, ban yarda ba. Wasa 13 cikin 82 kaɗan ne a yanke wa koci hukunci, musamman da gololi biyu suka faɗi lokaci guda.

Malam Idi: Ni ma iyakata ke nan. Coffey da Stuart sun yi aiki. Amma da Skinner ya ci gaba da tarewa irin ta Oktoba, da Knoblauch bai ga Florida a zagayen ƙarshe na kofi a watan Yuni ba, balle wasa na bakwai da Florida ta ci 2-1.