Sau uku ana kwantar da Hajiyarmu cikin wata huɗu, dan Allah ku bani shawara

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa, wallahi kaina ya kulle. Mahaifiyata ce, ta haura shekara 70, tana da hawan jini tun da daɗewa, bara likita yace zuciyar ta fara gajiya shi yasa ruwa yake taruwa mata a jiki. Daga ƙaramar sallah zuwa yanzu sau uku ana bamu gado. Kullum labarin ɗaya ne, ayi kwana biyar ko sati ana allurai kumburin ya saɓe, ta dawo tana hira har tana faɗan a maida ta ɗakinta, a sallame mu, bayan sati biyu ko uku sai ƙafa ta sake tashi silifas ma ya ƙi shiga, da dare ta kasa kwanciya sai a zaune da filo uku a bayanta tana haki. Shekaranjiya aka sallamo mu na ukun. Yayanmu har babur ɗinsa ya saida. Ba kuɗin ne yafi damuna ba, duk dawowar da zamuyi sai naga ta ƙara ramewa. Me muke yi ba daidai ba?

Abban Sadiq: Allah ya bata lafiya yasa kaffara ne. Yaya ki fara duba girki. Babanmu haka yayi ta yi, ashe farfesun da 'yan dubiya ke kawowa ne, kowace kula da dunƙule huɗu a ciki.

Anti Nas: Wa alaikumus salam 'yata. Ni aikin jinya nake, kuma abinda zan gaya miki shine yawancin masu dawo mana ba a asibiti aka samu matsalar ba, a satin farko da na biyu a gida ne. Tambaya ɗaya, wa yake bata magani? Ba wa yake siya ba, wa yake tsayawa har ta haɗiye? Gidajenmu kowa ɗan jinya ne, yau ke gobe matar yayanki jibi jika, kowa yana zaton wani ya bayar. Ku ware mutum ɗaya. Sannan ki juye ledar magungunanta kaf akan tabarma, tsoho da sabo, ki kaiwa likita ko mai haɗa magani ya tace miki, domin duk kwanciya ana canza wani abu kuma tsohon yana nan a leda. Na sha ganin tsohuwa tana shan Lasix da furosemide, wato maganin fitsari mai fitar da ruwa daga jiki, a tare alhali abu ɗaya ne suna ne ya bambanta, wata kuma ta ajiye duka biyun. Ki samu sikeli ki dinga auna ta kowace safiya bayan tayi fitsari kafin karin kumallo, ki rubuta a littafi. In ta ƙara kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne ba ƙiba ba, ku tafi a ranar tun tana takawa da ƙafarta, kar ku jira sai haki ya zo tsakar dare ana neman adaidaita.

Maman Ummi: Anti gaskiya ita muke ajiyewa maganin a gefen gado, tace ita ba yarinya bace. Kuma tana shan diclofenac na ciwon gwiwa, a kemis muke siya.

Anti Nas: Innalillahi. Diclofenac da ibuprofen suna riƙe ruwa a jiki kuma suna taɓa ƙoda, mai ciwon zuciya bai kamata ya sha su haka kawai ba. Ki ɗauke shi yau, ki gayawa likita ya duba mata wanda ya dace da gwiwar.

Hajiya Babba: Ni dai nace a haɗa da na gida, akwai jiƙon da ake yi da kanwa yana saukar da kumburi, iyayenmu dashi suka rayu.

Abu Hanifa: Hajiya ki gafarce ni, wannan karon ban goyi baya ba. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, sinadarin dake jan ruwa a gishiri akwai shi a cikinta, ko kunun kanwa gara a ragewa mahaifiyar Maman Ummi. Hukumar lafiya ta duniya ma cewa tayi mai lafiya kar ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, to ina ga mai irin ciwon Hajiya. A cire mata miyarta daban kafin a zuba gishiri da dunƙule, a ƙara daddawa da albasa da citta, baki zai saba. Sai maganar komawa asibiti, Maman Ummi ranar yaushe aka rubuta muku a kati? Mutanenmu in jiki yayi sauƙi sai a ƙi komawa saboda layi, alhali ganin likita cikin sati ɗaya zuwa biyu bayan sallama shine lokacin da ake gwada ƙoda a daidaita magani. A Amurka tun 2012 ake zaftarewa asibiti kuɗi in tsofaffin da ya sallama suna yawan dawowa kafin kwana 30, shi yasa su suke bin marar lafiya da waya. Mu nan ke zaki bi kanki. Ki kuma leƙa ofishin KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano, ki tambayi yadda ake yiwa dattawa rajistar inshorar lafiya, ko Allah zai sa nauyin ya ragu.

Maman Ummi: 'Yan uwa na dawo, jikina a sanyaye. Na ɗaga katifarta zan canza zanin gado sai ga ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙulle cikin ƙyalle, na ƙirga 16, tun na wancan zuwan. Maganin fitsarin ne. Da na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai tace yana karya mata alwala, kuma da dare tana jin nauyin tada jikarta ta raka ta banɗaki, ranar ma saura kaɗan ta faɗi a tsakar gida. Ashe da yamma muke ce mata ta sha. Wallahi kuka nayi, wata huɗu muna zargin asibiti.

Anti Nas: Kar kiyi mata faɗa 'yata, kunya ce da son ibada, da yawansu haka suke. Maganin nan da safe aka fi shansa, ƙarfinsa kamar awa shida ne, in ta sha bayan asuba kafin azahar ya lafa. Ki gayawa likitan gaskiya cewa bata sha, kar ya zaci bai isa ba ya ƙara mata. Ki ajiye mata fo da fitila a ɗaki.

Maman Ummi: Nagode Anti, Allah ya saka da alheri. Litinin ne a katin, ni zan kaita da ledar gaba ɗaya har ƙyallen. Na kwaso kayana na dawo ɗakinta da kwana. Dan Allah wanda ya san inda zan samu sikeli mai kyau a Sabon Gari ko kasuwar Wambai ya gaya min.