Wace kalma za mu ba tsiwar da kwamfuta ke yi wa mai wasan ces?

Jama'a, ina neman taimakonku kan kalma ɗaya. Daren jiya a Samaru, nan Zariya, ƙanena yana buga ces, wato darar Turawa, da kwamfuta a wayarsa. Ya yi sakaci aka cinye masa sarauniya, sai na'urar ta rubuto masa wata magana mai kama da "ashe kyauta kake rabawa yau". Ya ajiye wayar ransa a ɓace. Na tambaye shi me ya faru, ya ce "trash talk take yi mini." Na ce da Hausa fa? Muka yi shiru mu biyu.

Abin ba sabo ba ne. Kwamfutar Deep Blue da ta doke zakaran ces na duniya Garry Kasparov a 1997 ba ta ce masa uffan ba, lissafinta kawai ta yi. Amma Fritz, manhajar ces ta Jamus, ta daɗe da koyon surutu ana cikin wasa. A Janairun 2023 kuma masu shafin wasan ces na Chess.com suka fito da Mittens, wata manhajar ces mai siffar 'yar kyanwa mai manyan idanu da aka rubuta wa makin ƙwarewa 1 kamar ba ta san komai ba, ga shi tana lallasa ƙwararru tana jifansu da maganganu masu ban tsoro. Hikaru Nakamura, ɗaya daga cikin manyan gwanayen ces na duniya, shi ma canjaras ya samu da ita. Kalaman nan mutane ne suka zauna suka rubuta, aka ɗora a bakin na'ura.

Kalmar da ta fara zuwa mini ita ce barkwanci, kuma na so ta ƙwarai. Mu Zage-zagi mun san daɗinsa, ba mu haɗuwa da Bakano mu rabu ba a taɓa juna ba. Sai dai barkwanci yana da sharaɗi. Akwai zumunci a ƙarƙashinsa, irin na taubasai ko na jika da kaka, kuma duk wanda ya jefa ya san za a rama, ramuwar kuma za ta same shi. To wace dangantaka ce tsakanina da kyanwar cikin waya? In na rama, wa zai ji zafi? Kiran wannan abu barkwanci rage wa barkwanci daraja ne, shi ya sa na ajiye ta duk da ina sonta.

Wani malami da muke sallah tare a Kongo ya ce kirari. Na ce masa Malam, ɗan dambe in ya shiga fage yana kirari kansa yake wasawa. Ita kuwa wannan kuskurenka take bi tana yi maka dariya. Habaici a rufe yake, ba a kama suna, wannan kuwa kai tsaye ake faɗa maka. Zambo ya yi nauyi. Zolaya ta yi kusa, amma ta cika laushi, ba ta ɗauke da niyyar rikita abokin wasa.

Inda na tsaya shi ne tsokana. Ku je inda dattawa ke buga dara a gindin bishiya a Tudun Wada ko cikin birni ku saurara. Mutum zai ɗaga ɗansa ya tsaya yana tunani, abokin karawarsa ya ce "ajiye mana, ko sai an kira la'asar?" Ba zagi ba ne. So yake ka yi gaggawa ka saka a ramin da ba shi ba, ya ci. Aikin da na'urar ke yi ke nan daidai. Don haka ina ba da shawarar mu ce tsokanar fage ga abin gaba ɗaya, ko a ƙwallo ne ko dambe ko dara, in kuma daga kwamfuta ta fito mu ce tsokanar na'ura.

Sunan nan yana raba mana gardamar ko rashin kunya ce ko wasa. Tsokana wasanka take taɓawa. Ranar da magana ta bar kan allo ta koma kan mutum, aka ce masa daƙiƙi ko ba ya da ƙwaƙwalwa, ta tashi daga tsokana ta zama cin fuska, ko da na'ura ce ta faɗa, domin mutum ne ya rubuta. Babba da ya zaɓi kyanwar da kansa don nishaɗi, babu laifi. Yaro mai koyo kamar ƙanena, wanda yake shi kaɗai a ɗaki babu 'yan kallo da za su yi dariya su sassauta abin, gara a kashe masa surutun har hannunsa ya faɗa. A dandalin dara wanda ya tsokane ka shi zai saya maka goro bayan an tashi, na'ura ba ta da wannan.

A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma masu aikinta sun sha zama su nemo wa baƙin abubuwa suna da Hausa. 'Yan sashen Hausa na ABU da ku masu buga ces a waya, ku gwada tsokanar na'ura a bakinku ku ji ko ta zauna. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya kawo.