Neman kalmar Hausa: guguwar da ruwanta ya fi iskarta ɓarna

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe da safe zan naɗi shirin rediyo a kan yadda ake shirya wa abin da Turawa ke kira tropical storm, kuma har yanzu ban tsayar da sunansa ba. Masana yanayi sun kasa abin gida uku bisa ƙarfin iska: wanda gudunsa bai kai kilomita 63 a awa ba, sai na 63 zuwa 118, wanda shi nake nema wa suna, sai na 119 zuwa sama, wanda aka saba kira mahaukaciyar guguwa. Yawancin shirin a kan mutanen da ke nesa da gaɓar teku ne, waɗanda ambaliya da zaftarewar ƙasa ke yi musu ɓarna, ga shi kuwa idan na ce guguwa kawai, mai sauraro zai hango iska mai juyi da ƙura, ba zai hango ruwa ba. Ina kuma neman sunayen sanarwa biyu da cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami ke fitarwa: ta farko awa 48 kafin isowar iskar, idan ana jin za ta iya zuwa, ta biyu kuma awa 36, idan ana sa ran zuwanta.

Tsohon ɗan jarida: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ce matsakaiciyar guguwa, tunda tsakanin ƙarama da mahaukaciya take. Sanarwa ta farko ki kira ta ta zama cikin shiri, ta biyu kuma gargaɗi.

Malamar labarin ƙasa: Baba, na yarda da sunayen sanarwar, amma matsakaiciya za ta sa mutane su saki jiki. Guguwar Allison da ta faɗa wa birnin Houston na Amurka a 2001 ba ta taɓa kai matakin mahaukaciya ba, duk da haka ta zubar da ruwan da ya kai kusan mita ɗaya a wasu wurare, har aka daina amfani da sunanta saboda ɓarnar da ta yi. Ma'aunin nan na iska ne kurum, bai faɗi komai game da yawan ruwa ba. Guguwa takan rage ƙarfi da zarar ta bar ruwan teku mai ɗumi da ke ciyar da ita, amma ruwan da ta ɗauko yana nan, kuma idan ta yi jinkiri a kan tsaunuka sai ta juye shi a wuri ɗaya.

Malamin Hausa: Ni tun daga tushe nake ganin kuskuren. Guguwa a Hausa busasshiyar iska ce mai juyawa, holoƙo kuma iska ce mai ƙura wadda ba ta kawo ruwa. Abin da ke haɗa gajimare da iska da tsawa da ruwa sunansa hadari, kuma tunda a teku wannan ke tasowa, sunansa hadarin teku. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka. Mahaukaciyar guguwa kuwa ƙirƙirar ɗakin labarai ce da aka yi cikin gaggawa, aka bar mu da ita.

Malamar labarin ƙasa: Allah ya gafarta Malam, kalmar hadari ta kama ruwan, amma kalmar teku ta sake shi. Malawi ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, amma a watan Maris na 2023 guguwar Freddy ta kashe ɗaruruwan mutane a kudancinta, da yawansu laka da duwatsu ne suka gangaro musu daga tsaunukan Blantyre. Haka Idai ta yi a 2019: ta shiga ta Beira a Mozambik, ta je ta binne gidaje a Chimanimani ta Zimbabuwe. Helene kuma a 2024 ta sauka a jihar Florida ta Amurka, amma ambaliyarta mafi muni a tsaunukan yammacin Karolina ta Arewa aka yi. Wanda ya ji hadarin teku alhali bai taɓa ganin teku ba, zai ce ba da shi ake ba. Ƙari a kan haka, a saƙon waya inda ba a sa lanƙwasa, hadari da haɗari rubutu ɗaya ne.

Tsohon ɗan jarida: Malam, ba zan bari maganar ɗakin labarai ta wuce ba. Kalmar da ka raina ta shiga kunnen miliyoyin mutane shekara da shekaru, kuma sun gane ta. Yawancin kalmomin da ake ƙirƙira a tarukan masana a cikin takarda suke kwana, mu ne muke da minti biyu mu faɗa wa mutum ya tashi daga bakin kogi.

Malamin Hausa: Alhaji, yawan masu ji ba ya gyara kuskure. Harshen da ke da marka da yayyafi da holoƙo da hadari bai rasa kalma ba, masu magana da shi ne suka daina tono. Kullum sai mu jira Turanci ya raba abu gida uku sannan mu bi shi da sifa, ƙarama, matsakaiciya, mahaukaciya, kamar ba mu da namu rabon.

Mai tambaya: Iyayena, ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure mini. Ga yadda na rubuta, ku duba: "Guguwa mai tafe da ruwa tana kusantowa. Da zarar an fitar da sanarwar zama cikin shiri, a tanadi ruwan sha na kwana uku, kimanin lita huɗu ga kowane mutum a rana, da magunguna da tocila da rediyo mai batir, a sa muhimman takardu a leda, a kuma san tudun da za a koma. Idan an yi gargaɗi, na bakin kogi da na gindin tsauni su tashi tun da rana. Ambaliyar farat ɗaya takan zo ko da ba a ruwa a inda kake, domin a can sama aka yi shi. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, na santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, saboda haka kada a tsallaka, a juya. Idan wuta ta ɗauke, janareta a waje ake ajiye shi, nesa da taga, don iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa."

Malamar labarin ƙasa: Ya yi, ƙanwata. Ki ƙara cewa koguna sukan ci gaba da cika kwanaki bayan sama ta washe, kada a yi saurin komawa gida, kuma kada a taɓa wayar lantarki da ta faɗi.

Tsohon ɗan jarida: Sunan ya yi tsawo a kanun labarai. Ki faɗe shi cikakke sau ɗaya, daga nan ki riƙa cewa guguwar.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba suna ba, kuma ni a aji hadarin teku zan ci gaba da cewa har a kawo abin da ya fi shi. Amma tunda ruwa ya fito a cikinsa, ba zan hana ki naɗa ba. Ambaliyar farat ɗaya ma na bar miki, ko da yake mu "rafi ya kawo" muka sani. Abu ɗaya dai ki kiyaye a sashen tsaunuka: zaftarewar ƙasa za ki ce, kada ki ce zaizaya, domin zaizaya a hankali take ci, wannan kuwa lokaci ɗaya take rufta wa gida.