Alisabatu da Elizabeth, suna ɗaya ne?

Ɗan Sumaila: Salamu alaikum jama'a. A ƙauyukanmu na kudancin Kano, cikin 'yan'uwanmu Hausawa Kirista, za ka ji ana kiran mace Alisabatu, amma a takardar makaranta ka ga Elizabeth. Suna ɗaya ne? Kuma na Turawa ne tun asali?

Malam na Gwaram: Wa alaikumus salam. Ɗaya ne, sai dai Turawan ma aro suka yi. Tushensa Ibrananci ne, Elisheba: "Eli" Allahna, "sheba" rantsuwa, wato Allahna ne abin rantsuwata. Sunan matar Annabi Haruna ke nan a Attaura. Girkawa ba su da "sh" a bakinsu, suka mai da shi Elisabet. A Linjilar Luka, sura ta 1, shi ne sunan matar Zakariya, mahaifiyar Yahaya. Alƙur'ani ya kawo labarinta a Suratu Maryam, amma bai faɗi sunanta ba. Bahaushe kuwa ba ya son rufe suna da baƙi, sai ya ƙara wasali: yadda Zainab ta zama Zainabu, haka aka samu Alisabatu.

Goggon Yara: Malam ya gama magana kan asali. Farin jininsa kuwa sarauta ce ta ƙara masa. Elizabeth ta farko ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, ta biyun daga 1952 zuwa 2022, shekara 70 da 'yan watanni. Ta biyun nan ce ta zo Arewa a 1956, aka yi mata hawan daba a Kaduna, ta zo Kano zamanin Sarki Sanusi na ɗaya, kuma kanta ne a jikin sule kafin naira ta shigo a 1973. Lisa, Betty, Eliza, har Isabel ta Sifaniyawa, duk rassansa ne.

Akawun Ƙauye: Ƙanina, inda ake shan wahala rubutu ne. Takardar haihuwa ta ce Alisabatu, ta firamare ta ce Elizabeth, wani ma ya sa "s" a gurbin "z". Ku kun san mutum ɗaya ce, kwamfuta ba ta sani ba, sai rajistar jarrabawa ko buɗe asusun banki ta tsaya. Tun ranar suna a tsayar da rubutu ɗaya, a ba malamin rajista a rubuce, kada a faɗa masa da baki. In an riga an saɓa, sai takardar rantsuwa daga kotu, a kai ta a gyara.