Abin da muka tattara kan kula da dattijo mai cutar Parkinson

Tattaunawar da muka yi kan yadda za a kula da dattijo mai wannan cuta ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda ba jifa ba ce. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine ne ke raguwa, sai rawar hannu da sanƙarewar jiki su biyo baya.

2. Maganin levodopa, wanda ake ba masu cutar, yana son lokacinsa. Da yawa sun ce a ba shi kamar rabin awa kafin abinci, domin nama ko wake kan rage masa ƙarfi. Kada a yanke shi rana ɗaya.

3. Faɗuwa ce abin tsoro. A naɗe tabarmar ƙofar ɗaki, a sa kujera a banɗaki, silifas mai santsi kuma a jefar. Wata ta ce idan ƙafar Baba ta kafe, ƙirga masa “ɗaya, biyu” take yi, sai ya taka.

4. Ruwa da zogale saboda taurin bayan gida.

Inda aka rabu: azumi. Wasu sun ce a ciyar kawai, wasu sun ce likita ya gyara lokutan magani. Kan asibitin da za a je ma an rabu, tsakanin Barau Dikko na Kaduna da na Shika a Zariya. Ni dai na fi karkata ga ciyarwar.